Filashi Ya Ƙi Yi a Rediyon Mota: Tambayoyi da Amsoshi kan MP3 da Sauran Nau'o'in Fayil

Tambayoyin nan su ne suke ta dawowa daga bakin direbobin haya da masu motocin gida. An loda wa filashi karatu ko waƙoƙi, a waya komai yana yi, amma da an soka shi a mota sai shiru, ko allon rediyon ya rubuta ERROR. Yawancin lokaci rediyon lafiyarsa ƙalau. Abin da ake mantawa shi ne motar da aka ƙera a 2008 ko 2012 da ƙwaƙwalwar zamaninta take aiki, wayar aljihunka kuwa kullum ana sabunta mata manhaja. Na fara da masu sauƙi, masu zurfin suna can ƙasa.

Wane irin fayil ne ya fi tabbas a rediyon mota?

MP3. Duk rediyon da yake da ramin USB ko na memori, da wuya ka samu wanda ba ya karanta shi. Dalilin shi ne tsufansa da yaɗuwarsa: masu bincike a cibiyar Fraunhofer ta ƙasar Jamus ne suka jagoranci ƙirƙiro shi, ya zama ma'aunin duniya tun 1993, don haka lokacin da kamfanonin mota suka fara saka USB, shi suka tarar a hannun kowa.

Bayansa sai WMA na kamfanin Microsoft, wanda tsofaffin rediyoyi da yawa suke karɓa, sai AAC, wanda galibi sunansa yake ƙarewa da .m4a. Shi AAC ba kowane tsohon rediyo ya san shi ba. WAV da FLAC kuwa sun fi samun karɓuwa a sababbin motoci da rediyoyin da ake sayowa daban a saka. Opus, AMR da OGG su ne aka fi samun matsala da su, kuma su ne suka cika wayoyinmu.

Yaya zan gane abin da rediyon motata yake karɓa?

Fara duba fuskarsa. Sau da yawa akwai ƙananan rubutu kusa da bakin faifai ko ramin USB, kamar MP3, WMA, AAC. In rediyon na kamfani ne da ya zo da motar, littafin motar yana da shafin da ya jera nau'o'in fayil, da iyakar yawansu. Motocin Kwatano da na Beljiyam ba kasafai suke zuwa da littafinsu ba, amma kamfanoni kamar Toyota da Honda suna ajiye littattafan a intanet, da sunan motar da shekararta za ka nemo. In na sakawa ne, irin su Pioneer, Kenwood, JVC ko Sony, lambar samfurin tana rubuce a fuskarsa.

Ni dai gwaji na fi yarda da shi, gani ya kori ji. Samu ƙaramin filashi marar komai, ka zuba fayil huɗu ko biyar kawai, kowanne da nau'insa, ka soka. Cikin minti biyu ka san matsayinka, kafin ka ɓata yini guda kana lodi.

Ta ina ake gane nau'in fayil?

Daga haruffan da suke bayan ɗigo a ƙarshen sunansa: .mp3, .m4a, .opus da sauransu. Windows takan ɓoye wannan wutsiya, sai ka shiga saitin kallon folda ka ce ta nuna. A waya, danna fayil ɗin ka riƙe a cikin manhajar fayiloli, ka buɗe bayanansa. Sai dai wutsiyar takan yi ƙarya in wani ya taɓa sauya ta da hannu. Manhajar VLC ko MediaInfo ce za ta faɗa maka ainihin abin da ke ciki.

Me ya sa abin da aka turo mini ta WhatsApp yake yi a waya amma ba ya yi a mota?

Saƙon murya na WhatsApp da tsarin Opus ake naɗar shi. Opus sabon abu ne in aka kwatanta da MP3, a 2012 aka tabbatar da shi, kuma an yi shi ne domin magana ta intanet. Rediyon da aka ƙera kafin nan ba shi da hanyar saninsa, waɗanda aka yi bayan nan ma da yawa ba a koya musu shi ba. Haka abin yake ga saƙon muryar Telegram. Wa'azi ko lacca da wani ya naɗa da rikodar wayarsa kuma yakan fito a .m4a, ko .amr, ko .3gp a tsofaffin wayoyi.

Akwai kuma waƙoƙin da aka sauko da su daga YouTube da wasu manhajoji. Ko da ka zaɓi sauti kawai, abin da yake saukowa sau da yawa .m4a ne ko .webm. Wasu kuma bidiyo ne sukutum, .mp4, wanda waya take kunnawa ba tare da ka lura ba. Waya tana da ƙarfin fassara duk waɗannan, rediyon mota kuwa 'yan kaɗan aka zuba masa tun daga masana'anta, ba ya ƙara koyon komai. Maganin shi ne juya su zuwa MP3, kamar yadda ya zo a amsa ta biyu bayan wannan.

In na goge .opus ko .m4a na rubuta .mp3, zai yi?

Ba zai yi ba. An canza wa tuwo suna ne kawai, abin da ke cikin fayil ɗin yana nan yadda yake. Abin da yake ruɗin mutane shi ne in suka yi haka a waya sai ya ci gaba da yi, saboda waya ba ta damu da sunan ba, cikin take dubawa. Rediyon mota kuma zai ga sunan MP3, ya yi ƙoƙarin buɗewa, ya kasa. Wani ya tsallake shi, wani ya maƙale, wani ma ya saki wata ƙara mai kaifi da ƙarfi, wadda littattafan rediyoyi da dama suke gargaɗi a kanta don tana iya lalata lasifika.

To yaya ake juya fayil zuwa MP3 na gaskiya?

A kwamfuta akwai manhajoji na kyauta da suke wannan aiki da kyau. VLC, wadda kusan kowa yake da ita don kallo, tana juya fayil. Audacity tana da amfani in kana son ka yanke farkon lacca ko ka raba ta gida-gida, ko da yake wasu nau'o'in sai an ƙara mata wata manhaja mai suna FFmpeg. In fayilolin suna da yawa, fre:ac ta fi sauƙi, ka zuba mata ɗari a lokaci guda ka bar ta. A wayar Android ma akwai manhajojin juya sauti birjik. Ka zaɓi wadda take aiki ba tare da data ba.

Shafukan intanet masu juya fayil suna yi, amma sai ka ɗora fayil ɗin sannan ka sake sauko da shi, data biyu ke nan. Kuma ban so mutum ya ɗora saƙon muryar iyalinsa ko na harkar kasuwancinsa a shafin da bai san mai shi ba. In a shago za a yi maka, irin na masu tura waƙoƙi da fina-finai, ka faɗa musu a fili cewa na mota kake so, MP3 zalla, kuma ka gwada a motar kafin ka bar wurin.

Da za a juya, wace lamba zan zaɓa: 64, 128 ko 320?

Lambar tana nuna yawan bayanin da ake kashewa kowace daƙiƙa ta sauti. A 128, minti ɗaya yana cin kusan megabayit ɗaya. A 320 yana cin kusan biyu da rabi, a 64 kuma rabin ɗaya. Ga waƙa mai kiɗa, 192 ya wadatar a mota. Ga magana zalla, kamar tafsiri, wa'azi, darasi ko littafin da ake karantawa, 64 zuwa 96 ya isa. Karatun Alƙur'ani ina ba da shawarar 128, domin ƙira'a tana da jan murya da amon da ƙaramar lamba take daƙushewa.

Lissafin yana nuna ba ka bukatar babban filashi. Mai giga 8 zai ɗauki sama da awa 130 a 128. Ko direban da yake zirga-zirga tsakanin Kano da Legas zai daɗe bai ƙure shi ba.

Abu ɗaya da za a kiyaye: ɗaga lamba ba ya gyara sautin da ya riga ya lalace. Fayil ɗin da aka matse zuwa 32 ya bi ta hannu goma a WhatsApp, ko ka mayar da shi 320 yana nan da dusashewarsa, nauyi kawai ya ƙaru. Kowace juyawa kuma tana rage wani abu, don haka a juya sau ɗaya daga mafi kyawun kwafin da ake da shi.

Fayil ɗin MP3 ne na gaske, amma rediyon yana tsallake shi. Me ya faru?

MP3 ɗin ma iri-iri ne. Na farko a duba shi ne saurin ɗaukar samfurin sauti, wanda ake aunawa da kHz. Wanda kowane rediyo ya sani shi ne 44.1, irin na faifan CD, sai 48 da 32. Tsofaffin karatuttuka da laccoci da aka matse sosai a zamanin da intanet take da tsada sukan zo a 11 ko 8, kuma waɗannan suna cikin wani reshe na MP3 da ba ya cikin asalin ma'aunin, shi ya sa wasu rediyoyi ba sa karɓar su. A sake juya su a 44.1.

Na biyu hoton da aka manna a cikin fayil ɗin. Shafukan sauke waƙoƙi suna son cusa babban hoto mai tambarinsu, wani lokaci tsohon rediyo yakan tsaya cak yana kokawa da shi. Manhajar Mp3tag tana cire shi daga fayil ɗari a danni ɗaya. Na uku fayil ɗin da saukarsa ta katse a hanya, ya zo rabi. Akwai kuma masu lambar da take hawa tana sauka, waɗanda ake kira VBR. Galibi suna yi, amma agogon rediyon yakan rikice, turawa gaba ta ƙi tafiya daidai. In kana juyawa da kanka, zaɓi CBR, wato tsayayyar lamba.

Rediyon ba ya ma ganin filashin gaba ɗaya. Ina matsalar take?

Nan ba fayil ne matsalar ba, tsarin da aka yi wa filashin fomatin ne. Akwai guda uku da aka fi gani: FAT32, exFAT da NTFS. Tsofaffin rediyoyi FAT32 kaɗai suka sani, da wansa FAT16. Soka filashin a kwamfuta, ka buɗe bayanansa, za ka ga wanne ne. In ba FAT32 ba ne, kwashe kayanka zuwa wani wuri tukuna, domin fomatin yana share komai, sannan ka yi masa fomatin a FAT32 ka mayar da su.

FAT32 ba ya ɗaukar fayil ɗaya da ya kai giga 4, amma wannan damuwar masu fim ce, babu fayil ɗin sauti na yau da kullum da yake kaiwa nan. In ka yi fomatin har yanzu shiru, gwada wani filashin daban, tsoho ƙarami in da hali. Haka kuma a leƙa cikin ramin USB ɗin da tocila, ƙurar hunturu takan taru a ciki, wani lokaci ma harshen ramin ya lanƙwashe. Babban faifan ajiya na waje, mai juyawa a ciki, yakan ƙi tashi don yana jan wutar da ta fi ƙarfin ramin motar.

Na sayi filashi mai giga 64 ko 128, Windows ta ƙi ba ni zaɓin FAT32. Yaya zan yi?

Haka Windows take tun da daɗewa: tagar fomatin ɗinta ba ta ba da FAT32 ga abin da ya wuce giga 32. Ba gazawar FAT32 ba ce, iyaka ce da Microsoft ta saka. Memori masu alamar SDXC da manya-manyan filashi da yawa suna zuwa ne da exFAT daga masana'anta. Manhajar Rufus ko guiformat za su yi maka FAT32 a kansu. In Rufus ce, ka tabbata tsarin rabon ya kasance MBR, ba GPT ba, don tsofaffin rediyoyi ba su san GPT ba. Wannan yakan faru musamman ga filashin da aka taɓa amfani da shi wurin saka Windows a kwamfuta.

Duk da haka wasu rediyoyin suna da iyakar girman da suke iya karantawa, ko sun karanta ma sai su ɗauki minti biyu ko uku suna ƙidaya duk lokacin da aka tada mota. A ganina filashi biyu ko uku masu giga 8 ko 16 sun fi babba guda: ɗaya na karatu, ɗaya na waƙoƙi, ɗaya na yara.

Wasu fayilolin suna fitowa, wasu sun ɓace. Ina suka shiga?

Kowane rediyo yana da iyakar fayil da folda. Wasu suna tsayawa a 255 cikin folda ɗaya, wasu 999, sababbi suna kai dubbai, kuma da yawa ba sa shiga foldar da ta nutse fiye da hawa takwas. Abin da ya haura iyakar, rediyon yakan yi kamar babu shi. A rarraba fayilolin cikin foldoji marasa zurfi, a kuma cire hotuna, takardu da bidiyo daga filashin mota, don wasu rediyoyin suna ƙirga su cikin adadin.

In da kwamfutar Mac aka loda, za ka ga kowane fayil yana da inuwa mai suna irin nasa, ta fara da ɗigo da ɗan layi. Ba sauti ba ne, a share su. In kuwa foldojin duka sun koma gajerun hanyoyi masu 'yar kibiya bayan an soka filashin a kwamfutar shago, ƙwayar cutar kwamfuta ce ta ɓoye na asalin. Kayanka suna nan, amma rediyon ba zai gan su ba sai an wanke filashin an fito da su.

Na loda filashi ya cika, na farkon suna yi, na ƙarshen duk sun lalace. Laifin wa?

Wannan alamar jabun filashi ce. Ana ɗaukar mai giga 4 ko 8 a sauya masa ƙwaƙwalwa ya riƙa cewa shi 64 ne. Kwamfuta za ta nuna ta kwafa komai, sunayen ma za su fito, amma abin da ya wuce ainihin cikinsa bai shiga ko'ina ba. Araha ba ta ado. Manhajar H2testw tana cika filashin da bayanai ta sake karanta su, ta faɗa maka girmansa na gaskiya. A yi gwajin tun yana sabo, lokacin da za a iya mayar wa mai shago.

Me ya sa surori ba sa bin jeri? Daga Fatiha sai ya tsallaka wani wuri.

Wannan ita ce tambayar da ta fi damun mutane, kuma dalilinta biyu ne. Na farko lamba. In ka sa 1, 2, 3 har zuwa 114, rediyo mai bin haruffa zai jera su 1, 10, 100, 101, sai can daga baya ya zo kan 2. Dole kowace lamba ta zama mai gurbi uku: 001, 002, 010, 114. Lambar kuma ta zo a farkon suna, kafin sunan surar ko na mai karatun. Haka za a yi wa darussan tafsirin azumi, 01 zuwa 30.

Na biyu ya fi ɓoyuwa. Rediyoyi da yawa, musamman masu araha da modileta (ƙaramar na'urar da take tura sauti zuwa rediyo ta FM), ba sa duba suna ko kaɗan. Jerin da aka rubuta fayilolin a cikin filashin suke bi, wanda ya fara shiga shi ne na farko. Kwamfuta kuma in ka jawo fayil ɗari a lokaci guda ba lallai ta kwafe su a jere ba, takan fara da wanda ka riƙe da linzami. Hanyar da ta fi sauƙi ita ce ka yi wa filashin fomatin, ka jera fayilolin da suna a kwamfuta, ka zaɓe su duka, ka kama na farkon ka ja. In abin ya ci tura, manhajar DriveSort a Windows ko fatsort a Linux suna gyara jerin ba tare da an sake kwafa ba.

Kafin duk wannan, a duba ko alamar RDM ko MIX tana kunne a allon, don ita ce ta kunna barkatai. Kuma ina roƙo a yi wannan tsari a gida. Neman sura a cikin folda ana kan gudu a babban titi ya isa ya ɗauke idon direba na daƙiƙoƙin da ba a iya mayarwa.

Sunaye suna fitowa da akwatuna ko alamun tambaya. Za a iya gyarawa?

Allon tsofaffin rediyoyi haruffan boko na Turanci kawai ya sani. Haruffan Larabci da namu masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, ba su cikin abin da aka zuba masa. Don filashin mota kaɗai, a rubuta sunayen da b, d, k marasa lanƙwasa, a taƙaita su, domin allon yakan nuna haruffa kaɗan ne a lokaci guda. In kuma ka gyara suna amma rediyon yana ci gaba da nuna adireshin shafin da aka sauko da waƙar, to yana karanta bayanan da ke cikin fayil ɗin ne, waɗanda ake kira ID3. Da Mp3tag ake gyara su, kuma a adana su a sigar 2.3, ita tsofaffin rediyoyi suka fi ganewa a kan 2.4.

Duk sanda na kashe mota, tafsirin sai ya koma farko. Fayil ɗin ne?

Da wuya. In rediyon na sakawa ne, kuma yana manta agogo da tashoshin da ka ajiye, to wayarin ne. Rediyo yana da wayoyin wuta biyu: ruwan ɗorawa, wadda ya kamata ta samu wuta daga batir kullum don riƙe ƙwaƙwalwa, da ja, wadda take samun wuta sai an murɗa makulli. In an musanya su, ko an haɗe su duka a layin makulli, rediyon zai riƙa mantuwa. Aikin mintuna ne a wurin rewaya.

In agogon yana nan daidai amma wurin da ka tsaya ne kawai yake ɓacewa, to halin rediyon ne, ko kuma kana zare filashin. Sai a raba dogon darasi mai awa biyu zuwa guntaye na minti goma sha biyar ko ashirin, a sa musu lambobi kamar yadda aka bayyana a amsar jerin surori.

Wata waƙar ƙasa-ƙasa, wata kuma kamar ta fasa lasifika. Akwai dabara?

Akwai. Manhajar MP3Gain tana daidaita ƙarfin sautin fayiloli ba tare da ta sake matse su ba, don haka ingancin ba ya raguwa.

Na haɗa wayata da kebul, caji kawai take yi. Me ya sa?

Tsohon rediyo yana jiran abin da zai gabatar da kansa a matsayin filashi. Wayoyin Android na farko suna yin haka, na yanzu kuwa sun koma wata hanya mai suna MTP, wadda ba kowane rediyo ya sani ba. Wasu motocin raminsu ya san iPod da iPhone kawai. Wani lokaci kuma kebul ɗin ne, don akwai masu araha da ba su da wayoyin bayanai a ciki, na caji ne zalla. Android Auto da Apple CarPlay, masu nuna manhajojin waya a allon mota, wani abu ne daban, sun fara shiga motoci ne wajen 2014 da 2015, kuma sai motar tana da su.

Ta Bluetooth ko AUX (ramin da ake soka kebul ɗin sauti daga waya) ma nau'in fayil yana da tasiri?

Ba shi da shi, kuma wannan ne babban sauƙinsu. Wayar ce take buɗe fayil ɗin, ta miƙa wa motar sauti gamamme. Duk abin da waya ta iya kunnawa, motar za ta fitar da shi, har saƙon WhatsApp.

Sai dai wasu motocin, musamman na ƙarshen shekarun 2000, Bluetooth ɗinsu na amsa kira ne kawai. Tura waƙa yana bukatar wani sashe mai suna A2DP, kuma ba duka aka saka wa ba. In kira yana shiga amma waƙa ba ta fita, duba saitin wayar ko an kunna sautin kafofin watsa labarai ga wannan motar. In zaɓin babu shi sam, to motar ba ta da shi, sai a nemi ɗan ƙaramin makarɓin Bluetooth da ake sokawa a ramin AUX.

Waƙoƙin da na sauke a Boomplay ko Spotify za su kwafu zuwa filashi?

Waɗanda aka sauke don sauraro ba data a cikin manhajar a kulle suke, ita kaɗai take buɗe su. Ko ka gano inda suke ɓoye ka kwafa, rediyo ba zai karanta ba. Ta Bluetooth ko AUX ake jin su a mota.

Motata CD kawai take da shi. Zan iya zuba MP3 a faifai?

Sai in an rubuta MP3 a fuskar rediyon. In an rubuta, a ƙona faifan a matsayin faifan bayanai. Mai megabayit 700 zai ɗauki kusan awa goma sha biyu a 128. In ba a rubuta ba, dole a ƙona shi a matsayin faifan sauti na asali, wanda ba ya wuce minti 80. A yi amfani da CD-R, don tsofaffin rediyoyi sukan ƙi CD-RW, a ƙona a hankali ba da cikakken gudu ba, a kuma rufe faifan a ƙarshe. Kada a manna masa takarda in rediyon mai haɗiye faifai shida ne, zafin mota yakan ɗago ta ta maƙale a ciki.

Rediyoyin kamfani da yawa na Toyota da Honda suna da wani rami a bayansu da aka tanada don na'urar sauya faifai. Akwai 'yan akwatunan da ake sokawa a nan su ba ka AUX, USB ko Bluetooth, kuma sautinsu ya fi na modileta tsabta nesa ba kusa ba.

Modileta fa? Tawa tana ta shuu.

Modileta ƙaramar tashar FM ce da ake sokawa a ramin laita, don haka tana takara da tashoshin gaske. A nemo mitar da babu kowa a kanta, a saita rediyon da modiletar a lamba ɗaya. A gari mai tashoshi da yawa kamar Kano ko Kaduna sai an lalubo, kuma mitar da take shiru a nan tana iya zama ta wata tasha in ka shiga wata jiha. Rediyon motar da aka yi don Amurka yana tsayawa ne a lambobi masu ƙarewa da mara, kamar 88.1, 88.3, 88.5, saboda haka in ka sa modileta a 88.0 ba za su haɗu ba. Wanda aka yi don kasuwar Japan kuma, tsohonsa daga 76 zuwa 90 yake kamawa, sai a zaɓi mita tsakanin 87.5 da 90.

Ita ma modileta mai ramin filashi tana da dokokin da aka ambata a sama: MP3, FAT32, da bin jerin kwafa.

FLAC da WAV sun fi MP3 kyau. Ya kamata in koma kansu?

A ɗaki mai shiru da lasifika masu kyau, mai kunne zai iya jin bambanci. A mota mai tafiya, ga ƙarar inji da taya da iska, ga lasifikan ƙofa da suka shekara goma sha biyar suna shan rana, kwalliya ba ta biyan kuɗin sabulu. WAV yana cin kusan megabayit goma a minti, FLAC kusan rabin haka ko sama kaɗan. Inda suke da amfani shi ne ajiya: in kana da asalin naɗi mai kyau, adana shi a FLAC a kwamfuta, ka fitar da MP3 daga gare shi don mota.

Ko in cire rediyon kawai in saka na Android mai allo?

In duk abin da ke sama ya gagara, hanya ce, don za ka saka masa VLC ya buɗe kusan komai. Amma kada a yi gaggawa. A wasu motocin rediyon a haɗe yake da wasu abubuwa. Honda Accord ta 2003 zuwa 2007, misali, madannan na'urar sanyaya mota a jikin fuskar rediyon suke, sai an samu murfin da aka yi domin ita. Madannan sitiyari sukan daina aiki in ba a saka musu mahaɗi ba, haka ma amfilifayar kamfani a motocin da suke da ita. Na Android masu araha kuma sukan yi nauyin tashi, allon ya dusashe a rana.

In ka yanke shawarar sauyawa, ka nemi rewayan da zai yi aiki da soket ɗin da ya dace da motar, ba wanda zai yanke wayoyin kamfani ya naɗe da salatif ba. Ka tsaya a gwada filashinka, da Bluetooth, da madannan sitiyari, a kashe motar a sake tadawa a ga ko ya riƙe inda ya tsaya. Tsohon rediyon kuma ka karɓi abinka ka ajiye a gida, tare da lambar sirrinsa in irin mai kulle kansa ne bayan an cire batir, domin mai sayen motar nan gaba yana iya tambayarsa.